Taransifomar da aka sake wa naɗi: shin awon Megger ya isa kafin a haɗa ta da layin kilobolt 11?

Ɗan Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina kula da ɗakin sanyi na kawuna a nan Kumasi, inda ake ajiye kifi da kaji, kuma da yake injunan sanyin sun ƙaru har wutar unguwa ta daina ɗaukarsu, mun yanke shawarar kafa taransifoma ta kanmu. Wadda muka samu ta hannu ce, mai kVA 500, tana karɓar kilobolt 11 ta sauke zuwa bolt 433, kuma mai sayarwar bai ɓoye mana cewa ta taɓa ƙonewa har aka sake mata naɗin ɓangaren babbar wuta ba. A gabanmu ya ɗora mata Megger mai bolt 5,000, wato na'urar auna yadda rufin waya yake hana wuta yoyo, ta nuna juriya sama da megom 2,000, ya ce lafiyarta lau, domin mai ciwo ba ta ba da irin wannan adadi.

Sai dai injiniyan da ke shirya mana takardun da za mu kai wa ECG, kamfanin raba wutar lantarki na Ghana, ya ƙi sa hannu. Ya ce sai an ɗora mata kilobolt 28 na tsawon minti ɗaya, a yi wani gwajin da ake ninka mata wutar da ta saba ɗauka, sannan a kai manta ɗakin bincike. Mai sayarwar kuma ya rantse cewa irin wannan gwaji shi ne yake kashe taransifoma, kuma idan ta mutu a wurin gwajin babu ruwansa. Kawu ya riga ya biya rabin kuɗi. Don Allah masana su fahimtar da ni: mene ne gwajin babbar wuta yake ganowa wanda Megger ba ta gani, me ya sa za a ɗora 28 a kan abin da aikinsa 11 ne, kuma da gaske ne gwajin yana iya lalata lafiyayyar taransifoma?

Tsohon Injiniya, Madina, Accra

Wa alaikumus salam, ɗana. Injiniyanka yana da gaskiya, kuma shawarata ita ce kada kawunku ya cika kuɗin nan kafin a yi abin da ya nema. Bari in fara da lissafi, domin shi zai fi saurin raba gardamar. A layin kilobolt 11, abin da ke tsakanin kowace waya da ƙasa kilobolt 6.35 ne, kuma da yake wutar mai kai-da-komo ce, bugu 50 a kowace daƙiƙa a ƙasar nan, ƙololuwarta tana kaiwa kusan kilobolt 9. Ke nan bolt 5,000 da Megger ta ɗora bai ma kai abin da taransifomar za ta riƙa sha dare da rana ba, balle abin da zai same ta ranar da aradu ta faɗa kusa da layi, ko ranar da waya ɗaya ta taɓa ƙasa sauran biyun suka yi sama.

Megger tana tura wuta mai tafiya gefe ɗaya, irin ta batir, ta auna ɗan abin da ke yoyo ta cikin takarda da mai da tangaran, waɗanda su ne shamakin da ke tare wuta, ta gaya maka ko shamakin ya jiƙe ko ya yi datti. Aiki ne mai amfani, ban raina shi ba. Amma wutar batir da wuta mai kai-da-komo ba wuri ɗaya suke danna wa ba a cikin tanki. Ta farko nauyinta ya fi sauka a kan takarda, ta biyu kuwa ya fi sauka a kan mai da duk wani ɗan kumfan iska da ya maƙale tsakanin naɗi, kuma daga irin wannan kumfa tartsatsi yake somawa. Haka nan idan mai naɗin ya bar wata waya ta matso kusa da bangon tanki ko kusa da ƙarfen tsakiya fiye da kima, muddin man da ke tsakani yana da tsabta, Megger za ta ba da adadi mai daɗin gani, alhali tazarar ba za ta riƙe babbar wuta ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna game da taku. Lokacin awon Megger ana ɗaure dukkan bakunan naɗi ɗaya wuri guda, don haka kowane zagaye na waya yana kan ƙarfi ɗaya da maƙwabcinsa, babu abin da ke matsa wa rufin da ke tsakaninsu. Ko da wannan rufi ya yage sarai, Megger ba za ta sani ba, domin ita tsakanin naɗi da tanki, da tsakanin babban naɗi da ƙarami kawai take dubawa. A taransifomar da aka naɗe da hannu kuwa, tsakanin zagaye da zagaye ne ciwon ya fi ɓuya: fentin waya ya karce a wurin lanƙwasa, ko takardar da ke raba hawa da hawa ta zame a gefe. Duba igiyar guga da ido daban ne, jawo cikakken guga da ita daga rijiya kuma daban.

Adadin 28 ba injiniyanka ne ya ƙirƙira ba. Yana cikin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60076-3, wadda ta tsara matakan shamaki na taransifoma. Kayan kilobolt 11 suna cikin ajin kilobolt 12, kuma ana neman su jure kilobolt 28 na minti ɗaya, da bugun kwaikwayon aradu wanda yawanci kilobolt 75 ne. Na kilobolt 33 suna cikin ajin 36, nasu kuma 70 ne da 170. Ɓangaren ƙaramar wuta kilobolt 3 ake ɗora masa. Ka je ka duba allon ƙarfen da ke jikin tankin, sau da yawa za ka ga an buga LI 75 AC 28, na farko na aradu na biyu na minti ɗaya, wato alkawarin da masana'antar ta yi tun farko ke nan, kuma wanda ya sake naɗi ya ɗauki nauyin mayar da ita kan wannan alkawari.

Gwajin kilobolt 28 ɗin ma bakunan naɗi a ɗaure suke, saboda haka shi ma ba ya taɓa tsakanin zagaye. Dalilin gwaji na biyu ke nan. Ana shigar da ninki biyu ta ƙaramin ɓangare, a taku bolt 866, babban ɓangaren ya haifar da kilobolt 22 da kansa, sai kowane zagaye ya ɗauki ninkin abin da zai ɗauka a bakin aiki. Ba a yin wannan da wutar ECG kai tsaye, domin idan aka ninka wuta a bugu 50, ƙarfen tsakiya zai ƙoshi da maganaɗisu, ya ja wuta mai yawan gaske ya yi zafi. Dole a ɗaga bugun zuwa 100 ko fiye, da janareta na musamman ko na'urar sauya bugu. A bugu 100 minti ɗaya ake yi, idan ya wuce haka sai a rage lokaci: a ninka 120 da 50 a raba da bugun gwajin, don haka a bugu 200 daƙiƙa 30 ne, kuma ba a sauka ƙasa da daƙiƙa 15 ko yaya.

Tambayarka ta ƙarshe ba zan yi maka kwana-kwana a kanta ba. Gwajin yana wahalar da shamaki, shi ya sa ba a maimaita shi barkatai, kuma shi ya sa ƙa'idar ta ce taransifomar da ta riga ta yi aiki, idan an gyara ta ba tare da an taɓa shamakinta na ciki ba, kashi 80 cikin 100 na adadin farko ake ɗora mata, wato kilobolt 22.4 maimakon 28. Sabon naɗi kuwa ana sa ran ya ɗauki cikakken adadi. Taransifomar da aka naɗe daidai aka kuma busar da ita sosai an gina ta ne don ta jure wannan minti ɗaya. Wadda ta faɗi a gwaji da ma mai ciwo ce, kuma gara ta faɗi a inda na'urar gwaji za ta yanke wuta nan take ta bar ɗan tabo da za a iya gyarawa, da ta faɗi a bayan ɗakin sanyinku da dukkan ƙarfin layin a bayanta, da kifin mutane a ciki.

Mai Naɗi, Suame, Kumasi

Baba Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Ban isa in ja da kai a lissafi ba, kuma duk abin da ka faɗa game da tsakanin zagaye gaskiya ne, mu da hannunmu ke cikin aikin mun fi kowa sani. Amma ina so in ɗan tsaya wa Megger, in kuma ce tsoron mai sayarwar yana da tushe ko da bai iya bayyana shi ba. Taransifomar da takardarta ta jiƙe, wadda bushewa kawai take bukata, idan aka gaggauta ɗora mata kilobolt 28 za ta huje, kuma a wannan hali gwajin ne ya kashe ta. Megger ita ce mai ba da izinin shiga gwajin babbar wuta, laifin kawai shi ne a tsaya a kanta.

Ƙanena na Aboabo, abin da aka nuna maka ma ba cikakken awon Megger ba ne. Adadi ɗaya da aka karanta bayan ƴan daƙiƙu, ba tare da an rubuta zafin mai ba, ba ya faɗin abu mai yawa. Juriyar shamaki tana raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saboda haka megom 2,000 a digiri 30 zai koma wajen 250 a digiri 60, kuma shi ya sa ake mayar da kowane awo zuwa digiri 20 kafin a kwatanta shi da wani. Sannan ana barin na'urar a kai minti 10, a raba adadin minti 10 da na minti 1. Idan sakamakon ya kai 2 abu ya yi kyau, idan yana ƙasa da 1.25 akwai abin tambaya, idan kuma ya gaza 1, wato adadin sauka yake yi maimakon hawa, to kada a kuskura a ba ta wuta. Akwai togaciya ɗaya: sabon mai mai tsabta sosai yakan sa rabon ya tsaya kusa da 1 alhali adadin kansa ya yi sama ƙwarai, don haka ana duba biyun tare. A kuma yi awon sau uku, babban naɗi zuwa tanki, ƙaramin naɗi zuwa tanki, da tsakanin naɗin biyu, bayan an goge tangaran ɗin bushin, inda wayoyi ke fitowa daga tanki, da busasshen ƙyalle, domin ƙurar hunturu da raɓar safiya suna jawo adadi ƙasa a banza.

Tambayar da ya kamata ka yi wa mai sayarwar ita ce yadda aka busar da naɗin. Takarda da kwalin da muke aiki da su suna shan danshin iska da sauri, kuma kowa ya san iskar Kumasi da damina. Naɗin da aka gama da yamma aka bari a kan benci zuwa safiya ya riga ya sha. Mai aikin kirki yana sa shi a tanda, yana auna shi lokaci-lokaci yana rubutawa, kuma adadin yana da tafiyar da ba ta canzawa: da farko ya faɗi yayin da zafi ke shiga, ya daɗe a ƙasa yayin da ruwa ke fita, sannan ya soma hawa har ya tsaya cik. Sai ya tsaya ake fitar da shi, a matse ƙullunan da suka saki saboda takarda ta motse, a saka shi a tanki da ɗuminsa a rufe da mai. Idan akwai wannan rubutu a littafin shago, ka sami rabin amsarka. Idan aka ce maka an shanya shi a rana, ka sami dukkanta.

Bayan an zuba mai ma ba a gwaji nan take. A bar ta aƙalla kwana ɗaya kumfa ya taso, a sassauta ƙananan kusoshin fitar da iska na bushin har mai ya tsattsafo, sannan a ɗaure.

Gaskiyar da ba kowa zai faɗa maka ba ita ce ƙananan shaguna da yawa ba su da na'urar ninka bugu. Abin da aka saba yi shi ne a auna rabon zagaye a kowane matakin tap, wato maɓallin ƙara ko rage yawan zagaye, rabon da bai kamata ya kauce da fiye da kashi 0.5 cikin 100 ba, a auna juriyar wayar kowane layi a ga sun yi kusa da juna, sannan a ba ƙaramin ɓangare bolt 433 babu kaya, a duba wutar da take ja a saurari kukanta. A irin ƙarfen tsakiya mai ƙafa uku, ƙafar tsakiya ta fi jan kaɗan, na gefe biyun kuma su yi kusan daidai, idan ɗaya ta yi tsalle to akwai zagayen da ya haɗe. Wannan yana kama zagayen da ya riga ya haɗe, amma ba ya kama wanda saura ƙiris, don haka ba zan ce maka ya maye gurbin gwajin ninki biyu ba.

Hajiya Mai Ɗakin Gwaji, Nima, Accra

Sallama ga Baba Injiniya da Malam Mai Naɗi. Ni aikina binciken mai ne, kuma a ganina da shi ya kamata a fara, domin shi ne mafi arha kuma ba ya wahalar da taransifomar ko kaɗan. A ƙa'idar IEC 60156 ana zuba man a ƙoƙo mai ƙarafa biyu da tazarar milimita 2.5, a riƙa ƙara wuta kilobolt 2 a kowace daƙiƙa har tartsatsi ya ƙetare, a yi haka sau shida a ɗauki matsakaici. Ga taransifoma irin taku da ke bakin aiki, sama da kilobolt 40 yana da kyau, tsakanin 30 da 40 sai a sa ido, ƙasa da 30 kuwa dole a tace man ko a canza shi. Amma idan sabon mai aka zuba wa taku bayan naɗi, to kada ku yarda da 40. Sabon man da aka tace aka zuba, kafin a ba da wuta, ana neman ya haura 55.

Ina roƙonka, ƙanena, ka tsaya a wurin lokacin ɗibar man, domin yawancin sakamakon banza daga nan yake fitowa. Ana ɗiba ne daga famfon ƙasan tanki, inda ruwa da laka suke kwanciya, a goge bakinsa, a bar man farko ya zuba a wani mazubi, a ɗauraye kwalbar da man kansa, a cika ta har baki a toshe nan take. Kwalbar gilashi ce busasshiya mai duhu, ba gorar ruwan sha da aka zubar da ruwanta aka karkaɗe ba, wadda ake kawo mana fiye da yadda za ka zata. Kada a ɗiba ana yayyafi, kuma a rubuta zafin man a jikin kwalbar.

Wannan rubuta zafi yana da dalili mai nauyi. Kusan dukkan ruwan da ke cikin taransifoma a takarda yake zaune, ɗan kaɗan ne ke cikin mai, kuma yana kai-da-komo tsakaninsu gwargwadon zafi: idan ta yi zafi takarda ta saki ruwa cikin mai, idan ta huce ta sake shanye shi. Taransifomar da ta daɗe a ajiye a sanyaye za ta iya ba da mai mai kyan sakamako alhali takardarta a jiƙe take, haka ma wadda aka zuba wa sabon mai jiya. Saboda haka kyakkyawan mai ba shaidar busasshiyar takarda ba ne. Ku nemi a auna ruwan da ke cikin man ta hanyar Karl Fischer, kuma idan akwai hali a yi awon tan delta, wanda ke nuna yawan wutar da shamakin yake ɓatarwa ta zama zafi. A sabon shamaki busasshe ana sa ran ƙasa da kashi 0.5 cikin 100 a digiri 20, wanda ya tsufa a aiki kuma idan ya haura kashi 1 sai a bincika. Ka kuma ɗaga kai ka dubi kwalbar ƙwayoyin silika masu shanye danshin iska, da ke rataye a ƙaramin tankin sama. Idan masu shuɗi ne sun koma ruwan hoda, ta daɗe tana shaƙar danshi.

Da yake ta taɓa ƙonewa, akwai wani awo da nake ganin ya cancanci kuɗinsa, wato binciken iskar da ta narke a mai. Kowace irin cuta tana barin iskarta: ƙananan tartsatsi suna haifar da haidurojin, zafi mai tsanani yana haifar da etilin, takardar da ke ƙuna tana ba da kabon monoksaid, shi kuwa asitilin, iskar nan da masu walda suke samu daga kabaid, da wuya ya fito sai an yi tartsatsi mai tsananin zafi a cikin mai. Idan aka ɗiba kafin gwajin babbar wuta aka sake ɗiba bayansa, kuma asitilin ya bayyana ko ya ƙaru, to an yi tartsatsi a ciki ko da na'urar gwajin ba ta yanke ba. Awon farko kuma zai zama ma'auninku na nan gaba, domin tsohuwar takarda da ta saura a ciki tana iya ci gaba da sakin iskar gobarar baya, kada wata rana a ɗauke ta sabuwar cuta.

Idan allon ya nuna an ƙera ta kafin 1980, ko ba a san asalin man ba, a duba sinadarin PCB. Guba ne da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a kawar, Ghana tana cikin yarjejeniyar, kuma man da ya haura kashi 50 cikin miliyan ana ɗaukarsa gurɓatacce. Kusa da wurin ajiye abinci wannan ba abin wasa ba ne.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Allah ya saka muku da alheri, Baba Injiniya, Yaya Mai Naɗi da Hajiya. Na karanta wa Kawu duka, kuma ya ce ba zai ƙara ko sidi ɗaya ba sai an yi gwajin. Na duba allon, LI 75 AC 28 ne kamar yadda Baba ya faɗa, silikar kuma ta koma ruwan hoda. Saura abu biyu. Da wanne za a fara a kuma ƙare da wanne, tunda na fahimci jerin yana da muhimmanci? Sannan wannan kilobolt 75 na aradu, shi ma mu nace sai an yi shi?

Tsohon Injiniya, Madina, Accra

Malam Mai Naɗi ya gyara mini magana a inda ya dace, kuma silikar da ka gani ta ƙara ƙarfafa zancensa. Jerin shi ne a fara da abin da ba ya cutarwa a ƙare da mai tsanani, kuma ba a wucewa gaba sai na baya ya yi kyau. Mai ne farko, sai rabon zagaye da juriyar waya, sai Megger ta minti 10 da tan delta. Idan waɗannan sun nuna danshi, a tsaya a busar a tace mai, kada a ce bari a gwada a gani. Idan sun yi kyau sai kilobolt 28 a babban naɗi, yayin da ƙaramin naɗi da tanki suke haɗe da ƙasa, sai kilobolt 2.4, wato kashi 80 cikin 100 na 3, a tsohon ƙaramin naɗin, sai gwajin ninki biyu a ƙarshe, domin shi zai tona duk wani rauni da na gabansa ya bari. Bayan nan a maimaita Megger a zafi iri ɗaya a ga adadin bai faɗi ba, a ɗibi mai na biyu. Da yake gwajin ninki biyu yana matsa wa sabon naɗi da tsoho a lokaci guda, ku zauna da injiniyanku da mai sayarwar ku rubuta matakin da za a yi shi tun kafin a kunna na'ura, a kuma rubuta cewa idan ta faɗi gyara a wuyan mai sayarwa yake, cikon kuɗi kuma sai bayan takardar sakamako mai ɗauke da lambar taransifomar, da zafin mai, da bugun da aka yi amfani da shi, da sa hannun wanda ya shaida.

Bugun aradu kada ku nace a kansa. Ana yin sa da na'ura mai hawa-hawa irin wadda Erwin Marx ya ƙirƙira a 1924, wadda ke fitar da bugu mai kaiwa ƙololuwa cikin mikrosakan 1.2 ya sauko rabi cikin mikrosakan 50, mikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa, kuma saboda saurin tashinsa nauyin yana taruwa a zagayen farko da ke kusa da bushin maimakon ya rarrabu a dukkan naɗin. Ga ajin da bai wuce kilobolt 72.5 ba, ƙa'idar ta mai da shi gwajin samfuri, a yi wa guda ɗaya don tabbatar da ƙirar, ba kowace ɗaya ba. Manyan taransifomomin GRIDCo, kamfanin manyan layukan wuta na Ghana, na layukan kilobolt 161 da 330, irin na Anwomaso can kusa da ku ko na Pokuase da aka buɗe a 2021, su ne ake yi wa kowace ɗaya a masana'anta, a ƙara da awon ƙananan tartsatsi na ciki na tsawon awa ɗaya, wanda bai kamata ya wuce pikokulom 250 ba.

Sai dai tunda ba za a gwada wannan ba, kuma ba ku da tabbacin an mayar da ƙarin takardar da ake sa wa zagayen farko yadda masana'anta ta yi, ku kashe kuɗin a kan makarin aradu mai kyau. A ɗaura shi a jikin tankin ko dab da bushin, wayoyinsa gajeru ba lanƙwasa, a haɗa wayarsa ta ƙasa da tankin kansa, domin kowace mita ta ƙarin waya tana ƙara wa abin da naɗin zai sha. A auna juriyar ramin da aka binne wayar ƙasar a ciki da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, ba da damina ba.

Ranar gwajin kuma, ɗana, ku kewaye wurin da igiya, mutum ɗaya ne kawai zai riƙa ba da umarni, kuma babu mai matsawa sai an kashe na'ura an ɗora sandar sauke wuta. Naɗin taransifoma yana riƙe caji bayan awon Megger, kuma abin da aka saba shi ne a bar shi a haɗe da ƙasa aƙalla ninki huɗu na lokacin da aka yi ana awon, wato minti 40 bayan awon minti 10, kafin kowa ya kai hannu kan bushin.